Ranar da Kabo Ya Ɗaga wa Ubansa Gora

Ni Zinariya, wadda mutanen Kankiya suka fi sani da Mai Fura, ni na ɓoye Kabo a gidana kwana goma sha biyu, kuma ba zan ɗora wa kowa wannan laifi ba. Ɗan yayata Hannatu ne, ɗanta na fari. Ni kuwa har maigidana ya rasu Allah bai ba ni haihuwa ba, saboda haka tun yana rarrafe na ɗauke shi nawa. In ya yi ɓarna a Kaikai, ni ake kira in ba da haƙuri. In na je ganin gida, a kwanona yake cin tuwo har ya fara jin kunyar mata. To yaron da ka saba wa haka, ranar da ya zama saurayi ɗan shekara goma sha tara ya zo ya tsuguna gabanka ya ce, "Inna, ki ruhwa mani asiri," da wane baki za ka kore shi?

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan sojojinmu sun dawo daga yaƙin Bama. Wani kamfanin awon gyaɗa da auduga ya gina kanti da gidan akawu a bakin hanyar mota, aka ce za a sa musu wutar lantarki da injinsu na kansu. Mu a lokacin labarin lantarki kawai muke ji a bakin masu zuwa Kano, su kuwa ko kare suka gani a Kano sai sun ce ya kai jaki. Wanda aka ba aikin sunansa Kofur Ashafa, mutumin Rimaye, a soja ya koyo sana'ar. Gajere ne mai gwame, kullum da tsohon kakinsa da takalmin danƙo da fensir a bayan kunne. Muryarsa kuwa, in ya ce a miƙo masa filaya, sai ka ce daga ƙetaren gulbi yake kiran mai jirgi. A gindin wata bedi da ke gaban kantin nake ajiye ƙwaryata, leburorinsa su ne masu sayen furata.

Uban Kabo, Manu, shi ne maƙerin Kaikai ta ƙasar Kusada, haka ubansa, haka kakansa. Ranar wata kasuwa ya aiko Kabo da fartanyoyi da lauje a kan jaki. Yaro ya sayar da kaya, ya biyo ta wurina ya sha fura, sai ya ɗaga kai ya ga Kofur a kan tsani yana feƙe bakin waya yana murɗa ta. Shi ke nan. Ludayi na hannunsa, fura na ɗiga a rigarsa, bai sani ba. Da la'asar ya ba wani maƙwabcinsu jakin da saƙon cinikin ya kai gida, shi ya zauna.

Na yi masa faɗa, kada a ce ban yi ba. Na ce bazara ce, damina na bakin ƙofa, duk manoman Kaikai sun zuba wa maƙerar ubansa ido, wa zai riƙe masa masaba? Ya ce ƙannensa biyu sun tasa. Na ce aikin da ba a gada ba, me ya kai shi? Ya ce, "Inna, tun ina yaro nike bugun ƙarhe yana bin abin da na ce. Wanga ƙarhen shi ke ɗauke da haske cikinshi. Ina so in san yadda aka yi." Yadda idonsa ya yi da ya faɗi haka, sai na ji faɗan ya ƙare mini. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Tun daga ranar ya zama jelar Kofur. Shi ne ɗaukar tsani, shi ne warware waya, shi ne huda bango, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce zai ba shi ko goro. Kofur yana ta korarsa har kwana uku, a na huɗu ya miƙa masa filaya da guntun waya don ya kunyata shi. Kabo ya murɗa ta tsaf, ya fi na leburan da ya shekara yana yi. Kofur ya juya ta, ya sake juyawa, ya yi gyaran murya.

"Yaro, hannunka na da kyau, ɗan maƙera ne kai ba shakka," in ji shi. "Amma ni ba ni tsintar ɗan mutane bisa hanya awa ɗan akuya. Ubanka shi zo da ƙahwarshi, shi kamo hannunka shi sa cikin nawa, a raba goro, a shahwa fatiha. Ran Alhamis ta sama mota za ta kwashe mu zuwa Huntuwa, shekara uku za ka yi tare da ni. In bai zo ba kahin nan, ka koma ga zuga-zuginka."

Wannan ita ce maganar da ta hana Kabo cin abinci. Ya san ubansa, ni ma na san shi. Na aika wa Hannatu ta bakin Adda mai kawo mini nono daga wajen Kusada, na ce ta lallaɓa mana maigidan. Adda ta dawo ta ce yayata ta ce tun ranar da jaki ya koma ba yaro, Manu bai ce uffan ba, sai dai bugun ƙarfensa ya ƙara ƙarfi. Na ce to, Allah ya kyauta.

Kofur yana da wata al'ada da ya taho da ita daga soja. Kowace safiya sai ya jera leburorinsa a rana, ya bi su ɗaya-ɗaya yana tambaya, su kuma suna amsawa da ƙarfi. Ina dama fura ina jin su. "In waya ta kama mutum, mi za ka yi?" Su ce, "Ba ni taɓa shi!" "Ko ɗan'uwanka ne?" "Ko ɗan'uwana ne!" "To mi za ka yi?" "In nemi busasshen icce in buge hannun!" Ni dariya abin yake ba ni. Ƙattin banza a tsaye suna rantsuwa za su doki 'yan'uwansu, na ce lallai yaƙi ya taɓa kan Kofur. Har na taɓa gaya masa haka, ya dube ni ya ce, "Mai Hura, ke dai dama hurarki."

Ranar Laraba aka tayar da injin karo na farko, kuma ta zo daidai da cikar gari, don mutanen ƙauyuka sun ji labari sun yo ayari. Injin yana wani ɗan ɗaki a bayan kanti. Da ya tashi da hantsi, ƙararsa ta kori duk tsuntsayen bedina, jakai suka tsinke igiya. Sai ga wani ƙwan fitila na gilashi da aka rataya a barandar kanti ya kama, da rana tsaka, ba mai, ba lagwani, ba ashana. Tsofaffi suka ɗauki salati. Wata tsohuwa daga Tafashiya ta tsaya tana hura shi daga nesa ta ga ko zai mutu. Ni kaina, da nake ganin na waye, sai da na ja da baya.

Aikin bai ƙare duka ba. Can gefe, jikin bangon gidan akawu, akwai waya da ta sauko daga falwaya, bakinta a feƙe, tana jiran a ɗaura mata fitila. Kofur ya zana da'ira a ƙasa kewaye da ita, ya tsayar da Kabo, ya ce kowa ya matso ya kore shi, ko hakimi ne. Shi kuma ya shige ɗakin injin yana sauraron kukansa. Kabo ya tsaya yana ta hura hanci, yana kora yara da 'yan kallo, ka rantse kantin na ubansa ne.

Dab da azahar na hango su. Manu ne a gaba, dogo, baƙi, da gorarsa a hannu, bayansa kuma Bube maƙwabcinsa, mutumin da bakinsa ba ya riƙe ko ruwan sha. Na duba hannun Manu ban ga ƙunshin goro ba, sai gorar nan.

Tsakanina da Manu akwai wasa, tunda ƙanwar matarsa ce ni, don haka na tare shi da shi ko zai sauko. Na ce, "Maraba da Sarkin Gawayi. Yau wa aka bar wa hura wuta, ko yayar tawa ka ɗora bisa zuga-zugi?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Zinariya, ba ni ruwa in yi alwala. Ina wancan yake?" Bai taɓa kiran sunan Kabo ba, ɗan fari ne, sai dai wancan, ko yaron nan. Na nuna masa da baki. Na ce ya zauna ya sha fura tukuna, ya ce ba zama ya kawo shi ba.

Ya jingina gorar a bangon gidan akawu, ya tuɓe takalmansa, ya yi alwala a nan kusa da inda leburori ke kwaɓa siminti, wurin duk ya jiƙe. Na ɗauka masallaci zai nufa. Sai ya miƙe, ƙafa ba takalmi, ruwa na ɗiga a gwiwar hannunsa, ya nufi ɗansa.

Kabo da ke korar mutane tun safe, yana ganin ubansa sai ya zube ƙasa ya tsuguna, ya sunkuyar da kai. Me zai yi? An ce ya kori hakimi, ba a gaya masa yadda ake korar uba ba. Manu ya taka zanen nan na Kofur ya wuce, ko kallonsa bai yi ba. Bai kuma kalli yaron ba. Wayar ya tsaya yana dubawa.

"Wagga ita ce ta hi maƙera?" in ji shi.

"Baba, kada ka taɓa ta, tana kisa," in ji Kabo, murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan yatsun ƙafarsa.

Wanda bai san Manu ba ba zai gane abin da wannan magana ta yi masa ba. Mutum ne da ranar Salla yake zaro jan ƙarfe daga wuta ya goga a damtsensa, ya jefa garwashi a baki, mata na guɗa. Tafin hannunsa ya yi kauri kamar ƙirgi. Shekara talatin yana gaya wa mutane wane ƙarfe ake taɓawa, wanne ba a taɓawa, yau ga ɗan cikinsa yana koya masa a gaban jama'a. Amma kada a ce wauta ya yi, don bai kai hannu haka kawai ba. Abin da kowane maƙeri yake yi kafin ya ɗauki ƙarfen da bai sani ba, shi ya yi. Ya kara bayan hannunsa kusa da wayar, bai ji huci ba. Ya matsa ya tofa mata yawu, ya karkata kunne. Ba ta yi cuu ba, yawun ya tsaya a jikinta yana ƙyalli.

Ya juya ya dubi Bube, a karo na farko ya yi murmushi. "Jan ƙarhe ne, sanyi ƙalau. Sun maishe ku wawaye." Ya damƙe ta da hannun dama.

Bai yi ihu ba. Wannan shi ne abin da ya ruɗe mu. Haƙoransa suka datse, wuyansa ya sandare, jikinsa duka ya ɗauki rawa tun daga kafaɗa har dugadugai, hularsa ta faɗi. Wallahi na ɗauka wasan Salla yake yi mana, yana kwaikwayon tsoron 'yan birni. Wasu ma har sun fara dariya. Sai na ga idanunsa sun juye, na ji wani wari kamar ana babbakar ƙafar sa.

Bube ya ce, "Manu! Kai Manu!" ya miƙa hannu biyu zai rungumo shi. Kabo ya tashi daga tsugunen nan ya bangaje Bube, dattijo mai furfura, har ya faɗa cikin kwaɓin siminti. Ya fizgo gorar ubansa daga jikin bango. Ya ɗaga ta sama, ya sauke a hannun Manu.

Hannun bai saki ba. Ya sake ɗagawa ya sake bugawa, bai saki ba. Na ji yana cewa, "Baba ka yahe mani, Baba ka yahe mani," yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na ukun da hannu biyu ya riƙe gorar, ya sauke ta da irin ƙarfin da yake sauke masaba a maƙera. Duk da ƙarar injin sai da muka ji ƙashin ya ce ƙaras. Manu ya yi baya ya faɗi tim, bai ko motsa ba.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba. Mutum ya fi ɗari a wurin, ba wanda ya yi tari. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin ɗa ya ɗaga wa ubansa ko yatsa ba, ban kuma taɓa jin wanda ya gani ba. Ga shi yau na gani, sau uku, da rana tsaka, kuma ɗan da na goya ne. Duk abin nan da nake ji kowace safiya a bakin leburori ya fice mini daga kai fit. Ni na fara isa wurinsa. Na ɗauke shi da mari, irin wanda ban taɓa yi wa kowa ba, na ce, "Ɗan banza! Ubanka? Uban da ya haihe ka?" Saura kaɗan in yi masa baki, Allah ya riƙe harshena. Har gobe in na tuna wannan mari kunya nake ji.

Marina ne ya kwance mutane. Wuri ya kaure da salati da ihu. Ƙatti uku suka danne Kabo a ƙasa, wani na cewa a kai shi gaban alƙali, wani na cewa aljanun injin ne suka shige shi. Shi kuwa ko hannu bai ɗaga ba, wuyansa kawai yake miƙawa yana leƙen inda ubansa yake kwance. Wani lebura ne ya yi hankalin rugawa ɗakin injin. Ƙarar ta mutu, sai ga Kofur a guje da gwamensa yana ture mutane.

Ya dubi wayar, ya dubi tafin hannun Manu, ya dubi gorar a ƙasa, bai tambayi kowa komai ba. Ya kifa Manu rub da ciki, ya juya masa fuska gefe, ya durƙusa a kansa ya dinga danna bayansa yana saki, yana dannawa yana saki. Mutane suka ce kai, wannan wane irin wulaƙanci ne, an kashe mutum kuma ana hawan gawarsa? Ni na kinkimo tulun ruwana zan sheƙa masa, Kofur ya daka mini tsawar da ta sa na saki tulun ya fashe. Ya ci gaba da dannawa, gumi na zuba daga haɓarsa. Na riga na fara tunanin bakin da zan gaya wa Hannatu da shi. Sai Manu ya yi wani irin tari, ya ja numfashi mai ƙara, ƙafarsa ta motsa.

Kofur ya miƙe yana haki. Ya nufi ƙattin nan ya ce su ɗaga yaron ko ya karya su. Sa'an nan ya juyo ga jama'a da muryar nan tasa.

"Ku saurara, jahilan banza! Da ba don yaron ga ba, da yanzu likkahwani kuke nema, kuma ba ɗaya ba, biyu, har da na wancan tsohon da ke cikin siminti. Waya in ta kama mutum ba ta saki, wanda ya taɓa shi kau ta haɗa da shi. Na ga ta kashe soja huɗu a jere, kowa ya zo ceton wani. Abin da yaron ga ya yi shi ne daidai, ni na koya mashi!"

Nan ne maganar safiyar nan ta dawo mini, na dubi hannuna. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe ban san mutanenmu ba. Bube ya taso yana kankare siminti daga gemunsa, ya ce, "Mun ji, Kofur, mun kuma gode. Amma sau uku? Uba? Gaban bainar jama'a?" Na ga kawuna suna gyaɗawa. Wani dattijo ya ce shi dai da a ce ɗansa ya doke shi ya rayu, gara a bar shi ya tafi da mutuncinsa. Kafin a ɗauke Manu daga ƙasa, na hango mutanen wajen Kusada sun fara kama hanya biyu-biyu, uku-uku, suna tafe suna waiwaye. Na san labarin zai riga kowa isa Kaikai, na kuma san rabinsa ne zai isa.

Gidana aka kai Manu. Maɗori ya zo ya ja hannun ya jera masa kara, ya ce ƙashin ya karye sama da wuyan hannu, zai haɗu, amma tafin da wayar ta ci har ta yi layi a ciki, wannan sai abin da Allah ya yi. Duk jan da aka yi, Manu bai ce wash ba. Bai kuma yi wa kowa magana ba, ya dai ƙura wa rufin zaure ido. Kabo yana waje a jikin katanga, cikin rana, shatin yatsuna huɗu a kumatunsa. Na kai masa ruwa bai sha ba. Na tsuguna kusa da shi, abin da ban taɓa yi wa yaro ba, na ce, "Kabo, ka yahe mani." Ya ce, "Inna, ya ce wani abu?" Na ce bai ce ba.

Da gari ya waye Alhamis, motar kamfani ta zo ta tsaya gaban kanti, ana ta loda tsani da nannaɗen waya. Kabo bai je ba. Ya naɗe tabarmarsa, ya ce mini in ubansa ya tashi zai raka shi har gida, zancen lantarki kuma ya bar shi har abada. Ina cikin dama koko sai na ji Manu ya kira ni daga zaure, muryarsa a dushe.

"Zinariya, aika a sawo mani goro, hwari, mai kyau. A kira mani sojan nan, a kira liman."

Na tsaya da ludayi a hannu ina kallonsa. Ya ce, "Ko ba ki ji ba?"

Suka taru a zaurena, Kofur da limamin unguwarmu da Bube, ni ina bakin ƙofa ta ciki. Aka kira Kabo ya shigo ya tsuguna can nesa. Manu ya ce ya matso. Ya ɗaga hannun daman da ke cikin kara, ya ga ba zai yi ba, ya mayar. Ya kamo hannun yaron da hagu.

"Kofur, ka yi haƙuri da hagu, ba raini ba ne," in ji shi. "Jiya na zo in kora shi gida da gora. Ga shi nan, amana na ba ka. Ka koya mashi abin ga da ba shi da huci kuma yana kisa, tunda ni ban san shi ba."

Kofur ya karɓi hannun da hannu biyu, ya ce ya karɓa, Allah ya ba shi ikon riƙewa. Liman ya yi addu'a, aka shafa, Bube ya raba goro. Na ga fuskar Kabo ta fara washewa, hawaye na zuba amma yana neman yin murmushi. Ni ma har na buɗe baki zan yi guɗa. Sai Manu ya ci gaba, kuma ba yaron yake kallo ba, Kofur yake kallo.

"Ka gaya mashi na san abin da ya yi. Ban riƙe shi da komi ba, duniya da lahira, Allah shi yi mashi albarka. Amma Kaikai ba Kankiya ba ce, babu Kofur can da za shi tsaya shi yi ma mutane bayani. Duk wanda ya kawo hwartanya gyara, za shi dibi hannuna shi dibi yaron ga. Ba wanda za shi ba shi ɗiya, ba wanda za shi ci kwano ɗaya da shi, ƙannenshi ma sai an goranta masu. Kada shi zo gida sai na aiko."

Bube ya sunkuyar da kai yana juya goro a hannu, don ya san da wa ake. Ni na kasa haƙuri, na ce, "Haba Maƙeri, yaron da ya cece ka?" Ya ce, "Don ya cece ni na ce haka, Zinariya. Da ya bar ni na mutu, da yau shi ke bisa uwar maƙera kowa na yi mashi gaisuwa."

Kabo ya ce, "Baba, wa za shi riƙe maka masaba, ga hannunka haka?"

Manu ya juya fuska ga bango. "Ba ruwanka da masaba kuma. Tashi, mota na jira."

Ni na raka shi bakin hanya. Ya hau bayan motar ya zauna a kan nannaɗen waya, goron da aka ba shi yana hannunsa bai ɓantara ba. Leburori suna ta yi masa barka, suna cewa ya zama ɗan gida, shi kuwa kamar ba da shi suke ba. Na sha ganin mutum ya roƙi abu an hana shi, amma ban taɓa ganin wanda aka ba abin da ya roƙa ya yi irin wannan fuska ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, mutane akwai mantuwa, kafin kaka ubansa zai aiko. Da gaske nake, haka na zata.

Ya gama shekara ukunsa, ya ƙware, har Kofur yana tura shi aiki shi kaɗai. Duk motar da ta biyo ta Kankiya da wani nasu a ciki, sai an tsaya gindin bedina an ce Kabo na gaisuwa, yana tambaya ko an aiko. Shekara shida ina cewa tukuna. Ranar da aiken ya zo, ni aka ba in kai masa, kuma ba Manu ne ya aiko ba. Hannatu ce, daga ɗakin takaba.